Daga kilo 100 zuwa 89: yadda wani ɗan kasuwa a Kano ya tare ciwon suga tun yana bakin ƙofa

Asalin lamarin

Mutumin da wannan nazari ya shafa ɗan kasuwa ne, yana sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. A watan Janairun 2023 shekarunsa 46, yana da mata biyu a gida ɗaya da 'ya'ya tara. Tsawonsa mita 1.72, nauyinsa kilo 98, zagayen cikinsa daidai cibiya santimita 112. Lokacin aurensa na fari, shekara ashirin baya, bai wuce kilo 70 ba. Kilo 28 ke nan a cikin shekara ashirin, wato bai ma kai kilo ɗaya da rabi a shekara ba. Irin wannan ƙari ba ya tayar wa kowa hankali, tela ne kawai ke ta ƙara faɗin riga.

Yininsa kusan iri ɗaya ne kullum. Mota daga ƙofar gida zuwa bakin kasuwa, zama a shago daga tara na safe zuwa shida na yamma, yaran shago ke ɗauko dila da auna yadi. Bayan isha'i sai majalisa har kusan sha biyun dare, ga tashin asuba. Barcinsa bai fi awa biyar ba.

Shi da na kusa da shi ba sa kallon teɓa a matsayin matsala. Ana ce masa jiki ya yi kyau, hutu ya zauna. A kasuwa kuma cikar jiki tana da nata amfanin, domin ɗan kasuwar da ya rame farat ɗaya ana fara raɗe-raɗin ko ciwo ne, ko kuwa jari ne ya karye. Mahaifinsa ya yi shekaru yana fama da ciwon suga kafin rasuwarsa, amma a wurinsa wannan ciwon tsufa ne, bai shafe shi ba tukuna.

Janairun 2023: abin da awo ya nuna

Ciwon kai na ƙeya da yawan kasala ne suka kai shi asibiti. An auna jininsa a ranaku biyu daban, aka samu 152/96 da 150/94. Daga 140/90 zuwa sama, in ya maimaitu, hawan jini ne. Sugan jininsa da safe kafin ya ci komai ya nuna 6.4 a ma'aunin mmol/L, daidai da 115 a ma'aunin mg/dL. Na mai lafiya yana ƙasa da 5.6, daga 7.0 kuma ciwon suga ne. Gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugan jini na wata biyu zuwa uku, ya ba da kashi 6.1 cikin 100, alhali ciwon suga yana farawa daga 6.5. Bai kamu ba ke nan, amma yana gab da kamuwa. Ma'aunin BMI, wato nauyi a raba shi da tsawo sau tsawo, ya ba da 33. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa 30 zuwa sama a matsayin ƙibar da ta zama cuta.

Likita ya ɗora shi kan ƙwayar hawan jini mai suna amlodipine miligiram 5 sau ɗaya a rana, ya ce ya rage ƙiba, ya rage gishiri, ya riƙa motsa jiki. Shawarar daidai take, sai dai babu adadi a cikinta, babu kuma ta inda za a fara. Ya bar asibiti da burin da ya yanka wa kansa: ya koma kilo 70 kafin ƙarshen shekara.

Fabrairun 2023: shayin rage tumbi

Abin da ya fara gwadawa shi ne wani shayi da ake tallarsa a waya, ana sha dare da safe. Cikin mako uku sikeli ya sauka da kilo 2. A tsawon makonnin yana zagayawa sau huɗu ko biyar a rana, ga murɗawar ciki, ga jiri in ya miƙe tsaye, ga ɗaurewar jijiya a ƙafa da dare. Da ya gaji ya daina, kwana goma suka ishi kilo biyun su dawo.

Yawancin irin waɗannan shayi ganyen filasko ne a ciki ko wani abu mai sa gudawa. Filasko yana aiki ne a babban hanji, bayan ƙaramin hanji ya riga ya tsotse abin da zai tsotsa daga abinci. Abin da ke fita ruwa ne da gishirin jiki, musamman sinadarin fotasiyam da zuciya da tsoka ke buƙata. Kitse yana nan inda yake. Ga mai shan maganin hawan jini, musamman irin mai sa yawan fitsari, wannan zubar ruwa tana iya zama haɗari na gaske.

Maris zuwa Mayun 2023: dogaro da azumi

An ɗauki azumin wannan shekara ranar 23 ga Maris. Ya sa rai cewa wata guda na ƙishirwa da yunwa a zafin Kano zai yi masa aikin da shayi ya kasa, don haka bai sauya komai ba. Buɗa-baki kunun tsamiya ne mai sukari kofi biyu, ƙosai kusan goma, soyayyar doya da ƙwai, zoɓo mai sanyi ko lemon kwalba. Bayan asham tuwo ko shinkafa. Sahur kuma shinkafa da miya ko taliya, da shayi.

Ranar Sallah, 21 ga Afrilu, yana kilo 96.5. Tsakiyar Mayu ya koma 98.5. Abincin da ya saba ci cikin awa goma sha biyar ya tattara shi ya ci cikin awa tara, da ƙarin soye-soye a kai. Ɗan abin da ya ragu yawancinsa ruwa ne, kuma shagalin Sallah ya mayar da shi da riba.

Yuni zuwa Satumban 2023: yanke tuwo da shinkafa gaba ɗaya

Yunƙuri na uku shi ne mafi tsanani. Ya ga wani bidiyo da ke cewa sitaci ne tushen ƙiba, sai ya haramta wa kansa tuwo, shinkafa, burodi, doya, fura, har da wake da 'ya'yan itace. Ya koma ƙwai, nama, kifi da ganye kaɗai. Ya sayi keken motsa jiki ya ajiye a ɗaki, ya kuma fara sassarfa da safe. Babbar Sallah ta faɗo ranar 28 ga Yuni, naman layya ya sauƙaƙa masa. Cikin mako uku ya sauka zuwa kilo 93.5.

Lissafi kaɗan ya isa a gane me ya zube. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori, wato ma'aunin kuzarin da ke cikin abinci, wajen 7,700. Kafin kilo biyar na kitse zalla su tafi cikin kwana 21, sai mutum ya rage sama da kalori 1,800 kowace rana, abin da bai faru ba. Jiki yana ajiye sitaci a hanta da tsoka, kuma kowane giram na wannan ajiya yana riƙe da ruwa kusan giram uku. Da aka daina cin sitaci ajiyar ta ƙare, ruwan ya fita ta fitsari. Wani ɓangaren kitse ne, gaskiya, amma ba shi ne mafi yawa ba.

Matsaloli sun taru da wuri. Taurin bayan gida, warin baki, kasala da rana. Gwiwarsa ta dama ta kumbura a mako na biyu na sassarfa, domin jiki mai kusan kilo ɗari da ya shekara ashirin a zaune ba a fara masa da gudu a kan kwalta. Kuɗi ma sun shigo ciki: an cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, kayan abinci sun tashi, ga shi ana dafa masa tukunya daban ta nama da kifi kullum. Mafi nauyi duka shi ne abin da ya faru a cikin gida. Matan suna girki kwana bibbiyu, kuma kowace tana ɗaukar kwanon maigida a matsayin shaidar matsayinta. Ya mayar da tuwon uwargida ba tare da bayani ba, ta ɗauka na amarya yake ci. Ya mayar da na amarya, ita ma ta ɗauka haka. Bai gaya wa ko ɗayarsu abin da gwajin asibiti ya nuna ba.

A ƙarshen Yuli, a wajen wani ɗaurin aure, ya ci shinkafa faranti guda ya kora da lemo. A ransa ya yanke cewa tunda ya karya, shi ke nan, sai ya sake sabon shiri a farkon wata. Farkon watan bai zo ba. A lokacin da nauyin ya sauka ya riga ya ajiye ƙwayar hawan jini da kansa, yana ganin ya warke. Ƙarshen Satumba sikeli ya nuna kilo 100.

Oktoban 2023: rubutu kafin canji

Da ya koma asibiti jininsa 158/98, sugan safe 6.8, HbA1c kashi 6.3. Likita ya mayar da shi kan maganinsa, ya yi masa bayanin cewa ba a ajiye maganin hawan jini don an ji daɗin jiki, sannan ya tura shi wurin jami'ar da ke ba da shawara kan abinci.

Ita ba ta hana shi komai ba a zaman farko. Ta ce ya sami ƙaramin littafi irin na lissafin shago, ya yi mako biyu yana rubuta duk abin da ya shiga bakinsa, da lokacin, da wurin, da wanda suke tare. Abin da littafin ya fitar ya ba shi mamaki, domin shi a ganinsa tuwo ne matsalarsa. Shayin safe a wurin mai shayi cokali huɗu na sukari ne da madarar gwangwani, giram 16 ke nan ban da madarar. Lemon roba mai santilita 50 guda biyu a rana, ɗaya da abincin rana, ɗaya in baƙo ya zo shago, kuma yawancin irin wannan lemo yana da sukari wajen giram 10 a kowane mililita 100, wato giram 100 a roba biyu. Furar la'asar tana shan wajen giram 24. Shayin majalisa ƙananan kofuna uku, wajen giram 25. Jimilla kusan giram 165 a rana, kalori 660, duk a cikin abin sha wanda ba ya ƙosarwa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada babba ya wuce kimanin giram 50 a rana, cokalin shayi 12, in ya tsaya a 25 ya fi.

Sai aka zo kan buri. Ta sa ya ajiye zancen kilo 70, aka tsayar da kilo 7 cikin wata shida. Adadin yana da tushe. Wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka wallafa a 2002, ya bi mutum fiye da 3,000 da ke wannan mataki na gab da ciwon suga. Rukunin da aka ɗora wa burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako, kamuwarsu da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100 a cikin kusan shekara uku. Rukunin da aka ba maganin suga na metformin kuwa da kashi 31 ta ragu.

Abu na uku, ta nemi ya zo da matansa zama na gaba. Ya yi jinkiri, daga baya ya kawo su. A gabansu aka karanta sakamakon gwajin aka yi bayaninsa. Uwargida ita ta yi jinyar surukinta, ta san abin da ciwon suga ke yi wa ƙafa da ido, ba ta buƙaci dogon bayani ba.

Nuwamba da Disamban 2023: abin sha da tattaki

Wata biyun farko ba a taɓa tuwo ba. An kwashe lemo daga firjin shago aka cika shi da ruwa. Baƙo in ya zo ana aika yaro ya sayo masa guda ɗaya, shi kuma maigida ya riƙe ruwa, karamci bai ragu ba. Sukarin shayin safe ana rage cokali ɗaya duk mako, daga huɗu zuwa ɗaya, saboda harshe yana sabawa in an bi shi a hankali, yana tawaye in an yanke masa rana ɗaya. Fura ta koma sau uku a mako, dunƙule ɗaya da nono, babu sukari. A gida aka fara dafa zoɓo da citta da kanumfari da ɓawon abarba, ba a zuba sukari a tukunya, mai so ya zuba a kofinsa. A majalisa kofi ɗaya, sannan ya kife kofin.

Tattaki ya fara da minti 15 bayan sallar asuba, kwana biyar a mako, ana ƙara minti biyar duk mako har ya kai 35. Saurin da aka ce ya riƙe shi ne wanda zai iya hira amma ba zai iya jan dogon karatu ba sai ya tsaya ya ja numfashi. Ya sayi kambas ya bar silifa, saboda gwiwa. An zaɓi asuba ne da dalili. Ya taɓa gwada tafiya da yamma, kafin ya kai bakin titi mutum biyu sun tsaya da mota suna tambaya ko tasa ce ta lalace, kunya ta mayar da shi gida. Da asuba kuwa ya riga ya tashi, ya riga ya fito, daga ƙofar masallaci sai dai ya miƙe maimakon ya juya gida. Wani maƙwabcinsa mai hawan jini ya bi shi, kuma a ranakun sanyin hunturu sanin cewa wani na jiransa shi ya fi fitar da shi. In ƙura ta yi yawa sukan rufe hanci da takunkumi.

Awo sau ɗaya ne a mako, safiyar Juma'a, bayan ya zagaya, kafin karin kumallo, a kan sikeli ɗaya. Ciki kuma ana auna shi da tef ɗin shago farkon kowane wata. Ƙarshen Disamba: kilo 96.8, ciki santimita 109.

Janairu da Fabrairun 2024: kwano da tukunya

Yanzu aka shiga abinci. Ya san hadisin da Tirmizi ya ruwaito na kasa ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi, ya kuma sha faɗa wa wasu. Abin da ya rasa shi ne yadda zai gane kashi ɗaya cikin uku a babbar kular da aka shaƙe masa. Sai aka mayar da shi abin da ido ke gani. An ware masa faranti matsakaici. Rabinsa ganye da kayan lambu: zogale, rama, alayyahu, kabeji, yalo, kokwamba, ko miyar ganye mai kauri. Rubu'i wake, ƙwai, kifi ko nama kamar faɗin tafin hannunsa. Ragowar rubu'in tuwo ko shinkafa, malmala ɗaya girman dunƙulen hannunsa maimakon uku. Ana zuba masa a madafa, kular ba ta zuwa gabansa. In bai ƙoshi ba ya jira minti ashirin, in har yanzu da yunwa a ƙara masa miya da ganye.

Gyaran tukunya na gida ne duka, ba a sake dafa masa daban ba. Gidan mai mutum 12 yana shan man gyaɗa da manja lita 12 a wata, ana tsiyayawa daga jarka kai tsaye. Cokalin cin abinci ɗaya na mai kalori 120 ne. Matan suka koma aunawa da ƙaramin ludayi, wata ya koma lita 8, kuma a tsadar da ake ciki ba wadda ta yi ƙorafi. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, aka rage daga takwas a tukunya zuwa huɗu, aka ƙara daddawa, albasa, tafarnuwa da citta. Kanwa ma aka rage a miyar kuɓewa da ɗanwake, domin ita ma tana ɗauke da sinadarin sodiyam mai tayar da jini, abin da mutane da yawa ba su sani ba. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce ƙasa da giram 5 na gishiri a rana, kusan cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin magi da burodi.

Abincin rana aka fara aiko masa daga gida: shinkafa da wake wanda wake ya fi yawa, faten tsaki da rama, dambu da zogale, ko kwaɗo da ƙuli-ƙuli a aune. Na dare ya dawo bayan magariba maimakon goman dare. Wannan ne ya warware matsalar ciyayya a majalisa. Yana zuwa a ƙoshe, kwanonsa yana fita kamar kullum, ya sa hannu ya yi loma biyu ko uku don zumunci. Tsire ya koma sau ɗaya a mako. Farkon Maris: kilo 94.

Maris da Afrilun 2024: azumi da shiri

Kafin a ɗauki azumi ranar 11 ga Maris ya ga likita, aka tsayar masa da lokacin shan ƙwayarsa. Buɗa-baki dabino uku da ruwa da kankana ko gwanda, sai salla, sannan abinci ɗaya a farantin da ya saba. Alale ya maye gurbin ƙosai, soye-soye sau biyu kawai a mako. Sahur wake ko ƙwai da nono, ko kunun gyaɗa marar sukari, waɗanda suka fi riƙe ciki. Ruwa kofi takwas a rarrabe tsakanin magariba da sahur. Tattakin asuba ya koma dare, ya zaɓi masallacin asham mai nisan minti 15 a ƙafa. Ranar Sallah, 10 ga Afrilu, kilo 92.5. Mako biyu bayanta 93. Burin wata shida ya cika.

Mayu zuwa Agustan 2024: sikeli ya tsaya

Mako tara nauyin yana yawo tsakanin 92 da 93, a makon Babbar Sallah ta 16 ga Yuni ma ya haura 94.5. A daidai lokacin ne maganganu suka yi yawa. A kasuwa ana tambayarsa ko lafiya, mahaifiyarsa ta kira matan ta tambaye su ko ba sa ba shi abinci ne. Ya fara cewa jikinsa ya ƙi.

Tsayawar nauyi bayan wata shida abu ne sananne. Jikin da ya ragu yana ƙona abinci ƙasa da da, yunwa kuma tana ɗan ƙaruwa. Amma da aka dawo da littafin rubutu na mako guda, an ga wasu ƙofofin da suka buɗe. Ya ajiye kwalbar soyayyar gyaɗa a shago yana ɗiba duk yini, don an ce tana da kyau. Tana da kyau, sai dai giram 100 nata ya haura kalori 550. Ya maye sukari da zuma yana zuba cokali biyu a shayi, alhali cokalin cin abinci ɗaya na zuma yana da sukari wajen giram 17. Lokacin mangwaro yana shan huɗu ko biyar a zama ɗaya. Damina kuma ta cinye rabin ranakun tattaki.

Gyaran bai yi yawa ba. Gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya a rana, a ƙulla a leda daga gida. Zuma ƙaramin cokali ɗaya. Mangwaro ɗaya. Ranar ruwa, da wasu ranaku biyu a mako, atisaye a ɗaki: tashi-zauna daga kujera sau 12, tura bango da hannu sau 12, ɗaga jarkar ruwa mai lita biyar, kowanne zagaye uku. Wannan yana kare tsoka, kuma tsoka ce ke shanye mafi yawan sugan da ke cikin jini bayan cin abinci. Majalisa ta koma tashi ƙarfe goma da rabi, tunda ƙarancin barci yana ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi washegari. Sai ƙa'ida ɗaya da aka rubuta a bangon littafin: in an zarce a biki ko Sallah, abinci na gaba a koma faranti, ba a jiran Litinin, ba a kuma ramawa da zama da yunwa. Nauyin Sallah ya sauka cikin kwana goma sha biyu. A duk tsawon tsayawar sikeli, tef ya nuna ciki ya ragu daga santimita 104 zuwa 102, kuma wannan ne ya riƙe shi. Mahaifiyarsa kuwa takardar asibiti ya kai mata, ya tuna mata jinyar mahaifinsa.

Janairun 2025: inda aka tsaya

Nauyi kilo 89, ciki santimita 99. Sugan safe 5.5, HbA1c kashi 5.6, duka sun fita daga matakin haɗari. Jini 132/84 tare da amlodipine miligiram 5. Ciwon gwiwa ya tafi, minshari ya ragu sosai. Uwargida, wadda ba a tsara mata komai ba, ta ragu da kilo 4.

Me ya sa na farko suka gaza, na ƙarshe ya zauna

Yunƙuri ukun farko ba ƙwazo suka rasa ba. Wanda ya yi mako shida bai ɗanɗana tuwo ba a gidan da ake tuƙa shi kullum ba rago ba ne. Abin da ya haɗa su shi ne dukkansu an gina su a kan wa'adi: a sha wuya na ɗan lokaci, a kai kilo 70, a koma rayuwa. Duk tsarin da mutum ke jiran ranar gama shi, ranar da ya gama nauyin zai fara dawowa. An kuma gina su a kan halal da haram na abinci, shi ya sa faranti ɗaya na shinkafar biki ya rusa aikin mako shida. A 2024 ya ci shinkafar biki sau da yawa, ba abin da ya rushe. Wani bincike da aka yi a Landan a 2009 ya gano cewa sabuwar ɗabi'a takan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ta zama jiki, wasu 18 wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya ba ya ɓata ta.

Na biyu, tsarin ƙarshe ya rage yawan lokutan da sai ya yi kokawa da ransa. Lemon da ba ya cikin firji ba a jarabtuwa da shi, kular da ba ta zo gaba ba ba a ƙari daga cikinta, tattakin da ke manne da sallar asuba ba ya buƙatar sabuwar niyya kowace safiya. Farawa da abin sha ma dabara ce mai kyau, domin ya zubar da sama da kalori 500 a rana ba tare da ya kwana da yunwa ko sau ɗaya ba.

Amma a ganinmu matakin da ya fi kowanne nauyi shi ne kai matan asibiti. Magidancin da ba ya shiga madafa ba shi ne ke yanke yawan mai da magi da girman malmala ba. Muddin masu girkin ba su san dalili ba, duk abincin da ya rage za a karanta shi a matsayin raini ko fifiko. Ma'aikatan lafiya da ke ba maza irin wannan shawara su kaɗai, ba tare da mai riƙe da ludayi ba, suna barin rabin aikin a baya.

Akwai abin da bai samu ba. BMI ɗinsa 30 ne, har yanzu yana kan iyakar ƙiba. Cikinsa ya kamata ya sauka ƙasa da rabin tsawonsa, wato santimita 86, saura 13. Hawan jinin bai bar magani ba, mai yiwuwa ma ba zai bari ba. Gadon ciwon suga yana nan, don haka likita ya sa a riƙa maimaita HbA1c duk shekara, a auna jini duk wata, kuma in sikelin Juma'a ya haura kilo 91 mako biyu a jere, a ɗauko littafin rubutu a sake mako guda.